Gardamar VAR a Gidajen Kallon Safana

Ranar Laraba, 7 ga Fabrairu 2024, gab da sallar isha'i, duk wanda ya samu gurbi a kan benci a gidan kallon ƙwallo a Safana, ko Runka, ko Batsari, ya ɗanɗani wani irin tashin hankali da masu kallon dā ba su san shi ba. Nijeriya tana gaban Afirka ta Kudu da ci ɗaya mai ban haushi a wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin Afirka, a birnin Buwake na ƙasar Kwadebuwa. Saura kamar minti biyar a tashi, Victor Osimhen ya tura ƙwallo na biyu cikin raga. Daga Legas har bakin dajin Rugu aka miƙe tsaye ana kuwwa, an ɗauka magana ta ƙare. Sai alƙalin wasa, Amin Omar ɗan ƙasar Masar, ya dafe kunne, ya zana akwati a iska da yatsunsa, ya nufi ɗan allon da ke gefen fili. Da ya dawo ya soke ƙwallon, bai kuma tsaya nan ba. Ya taka har ɗaya ƙarshen filin ya ba Afirka ta Kudu bugun fenareti, domin tun kafin Nijeriya ta ɗauko harin, Alhassan Yusuf, ɗan Kano, ya taɗe Percy Tau a cikin da'irar gidansu. Teboho Mokoena ya buga ya ci. Wasan da aka gani 2–0 da ido ya koma 1–1.

Da ƙura ta lafa, kaɗan ne suka iya musun cewa hukuncin ya yi daidai, domin hoton ya nuna ƙetar ƙarara. A ƙarin lokaci ma wannan ɗakin bidiyon ne ya jawo wa Grant Kekana na Afirka ta Kudu jan kati, daga bisani Stanley Nwabali ya kaɗe fenareti biyu, Nijeriya ta wuce da 4–2. Duk da haka gardamar ba ta kwanta ba, har yau takan tashi duk ƙarshen mako a teburin mai shayi da majalisun bayan la'asar. Wasu na cewa na'urar ta kawo adalcin da aka daɗe ana nema. Wasu na cewa ta kashe daɗin wasa, ta kuma ba manya sabuwar hanyar danne ƙanana. Kowane ɓangare yana da abin kamawa.

Maganar kuwa ta wuce hirar magoya bayan Arsenal da na Chelsea. Duk lokacin da aka yi rikici a gasar Firimiyar Nijeriya, sai a ji kiran a kawo VAR, kamar ita ce za ta wanke alƙalanci daga zargi. Idan aka amsa kiran, kuɗi ne masu yawa za su fita, kuma mafi yawan ƙungiyoyin gasar, har da Katsina United, gwamnatocin jihohi ne ke riƙe da su da dukiyar jama'a. Saboda haka ya dace a tsaya a bambance abin da wannan tsari yake iya gyarawa da abin da ya fi ƙarfinsa. Amsar da hujjoji suka fi ƙarfafawa ita ce VAR ta cancanci zama a manyan gasa, bisa sharaɗin a taƙaita huruminta a kuma buɗe wa jama'a abin da ake faɗa a ɗakinta. A gasar cikin gida kuwa, akwai gyare-gyaren da suka riga ta a layi.

Mutum ne zaune a ɗaki

Sunan da aka saba kiranta da shi, na'urar VAR, shi ne mafarin ruɗani. Haruffan nan uku suna nufin mataimakin alƙalin wasa mai duba bidiyo. Mutum ne, alƙali kamar na cikin fili, zaune a ɗaki gaban allunan talabijin, tare da masu taya shi da mai juya masa hotuna. Yana da ƙwarewarsa da gajiyawarsa, yana da ranar da idonsa ya faɗa daidai da ranar da ya rikice.

Hukumar IFAB, wadda ke tsara dokokin ƙwallon ƙafa tun 1886, ta amince a fara gwajin tsarin a watan Maris 2016, ta shigar da shi cikin doka ranar 3 ga Maris 2018. Bayan wata uku aka yi amfani da shi a gasar cin kofin duniya ta Rasha, inda aka ajiye ɗakin a Mosko, hotunan kyamarori 33 suna isa gare shi daga kowane wasa. Gasar cin kofin Afirka ta karɓe shi a Masar a 2019, daga zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe, Firimiyar Ingila kuma a kakar 2019/2020.

A tsarinsa na asali, mai duba bidiyo ba shi da hurumin tsoma baki sai a abubuwa huɗu: ko ƙwallo ya halatta ko bai halatta ba, ko fenareti ne ko ba shi ba ne, jan kati na kai tsaye, da kuskuren hukunta ɗan wasan da ba shi ya yi laifi ba. Ko a nan ɗin ma sai idan kuskuren ya fito fili, ko kuma wani babban abu ya faru a bayan idon alƙali. Maganar ƙarshe tana hannun mai usur.

Abin da ya tilasta wannan sauyi shi ne talabijin. A dā alƙali ya fi kowa kusa da abin da ya faru, don haka maganarsa ta fi ta kowa nauyi. Da tauraron ɗan'adam ya kai wasannin Turai lungu-lungu, sai lamarin ya juye. Matashin da ya biya 'yan kuɗin shiga gidan kallo a Safana yakan ga laifi sau uku, ta fuska uku, a hankali, kafin a ɗauko ƙwallo daga raga, alhali mutum ɗaya tak da aka hana wa wannan gani shi ne wanda aka ɗora wa yanke hukunci. Gani ya kori ji, kuma babu alƙalancin da zai daɗe da mutunci idan miliyoyin mutane sun ga abin da alƙali bai gani ba. Ta wannan fuska, mai kallo a Safana yana cikin waɗanda suka haifi VAR, ko da yau shi ne kan gaba wajen tsine mata.

Abin da ta zo gyarawa

Wanda ya kai shekara arba'in ba ya buƙatar a tuna masa 13 ga Fabrairu 2000. A filin wasa na ƙasa da ke Surulere a Legas, Nijeriya da Kamaru suka tashi 2–2 a wasan ƙarshe na kofin Afirka, aka je bugun fenareti. Victor Ikpeba ya buga, ƙwallon ya daki sandar sama ya faɗo bayan layi ya dawo fili. Alƙali Mourad Daami na Tunisiya bai ba da shi ba, Rigobert Song ya ci na ƙarshe, Kamaru ta ɗauki kofin da 4–3. Hoton talabijin ya nuna ƙwallon ya tsallake layi. Da akwai mai duba bidiyo a ranar, daƙiƙa kaɗan sun isa a gyara.

Adalci kuma yana buƙatar a tuna da ranar da kuskure ya yi wa Nijeriya rana. A gasar cin kofin duniya ta 2014 a Burazil, Edin Dzeko na Bosniya ya ci ƙwallo mai kyau aka soke bisa satar gidan da bai yi ba, jim kaɗan Peter Odemwingie ya ci, Nijeriya ta yi nasara 1–0, Bosniya ta fita. Mai son gaskiya ba zai yi kukan Ikpeba ya manta da Dzeko ba. Haka nan a Rasha a 2018, a wasan da Ahmed Musa ya ci Iceland biyu, bidiyo ne ya ba Iceland fenaretin da alƙali bai gani ba da farko, sai dai Gylfi Sigurdsson ya ɗaga shi sama. Tsarin da ke cizon kowa ba tare da duba riga ba ya fi wanda ke barin sa'a ta raba gardama.

Akwai kuma abin da ya fi kuskure muni. A watan Nuwamba 2016, a wasan neman gurbin kofin duniya tsakanin Afirka ta Kudu da Senegal, alƙali Joseph Lamptey na Ghana ya ba da fenareti bisa taɓa ƙwallo da hannu, alhali ƙafar Kalidou Koulibaly ƙwallon ya daka. FIFA ta same shi da laifin murɗe sakamako, ta haramta masa alƙalanci har abada, aka sake wasan a 2017. Shekara guda aka ɗauka kafin a warware abin da allo zai fallasa cikin minti ɗaya. Alƙalin da ya san akwai ido na biyu a bayansa, kuma duniya za ta ga abin da idon ya gani, zai yi tunani sau biyu kafin ya sayar da usur.

Abin da ta ɓata

Masu suka ma ba da hannu wofi suka zo ba. Hujjarsu ta farko ita ce murna. Ƙwallon ƙafa wasa ne mai ƙarancin ci. Mutum yakan zauna minti casa'in yana jiran daƙiƙa ɗaya. Wannan daƙiƙar ce ake biya wa kuɗin shiga, ita ce ke sa talaka ya manta da damuwarsa, a garin da rashin tsaro ya rage wa matasa wuraren taruwa da dare. Yanzu kuwa an koya wa mai kallo ya riƙe ihunsa a maƙogwaro har sai ya ga an mayar da ƙwallo tsakiya. Murnar da aka jinkirta minti uku ba ta dawowa yadda take. Wannan asara ce ta gaske, ko da ba a iya auna ta da alƙaluma.

Hujja ta biyu ita ce daidaiton ƙarya. Kyamarar talabijin da ke ɗaukar hoto 50 a daƙiƙa tana barin tazara tsakanin hoto da hoto. Ɗan wasan da ke gudun mita 8 a daƙiƙa yana cin santimita 16 a cikin wannan tazarar. Idan aka soke ƙwallo saboda kafaɗa ta wuce da santimita uku, an yi iƙirarin ganin abin da kyamarar ba ta da ikon gani. An kafa dokar satar gida ne don hana ɗan wasa ya je ya tare a bakin raga yana jiran gawon shanu, ba a kafa ta don awon yatsun ƙafa ba. Fasahar da aka yi amfani da ita a Katar a 2022 ta rage wannan giɓi, ta kuma rage jira, amma tambayar ko santimita biyu sun ba mutum wata fa'ida tana nan.

Chiamaka Nnadozie ta ɗanɗani irin wannan tsanani tana da shekara 18. A kofin duniya na mata a 2019, Wendie Renard ta Faransa ta buga fenareti ya daki turke ya fita, sai bidiyo ya nuna ƙafar mai tsaron ragar Nijeriya ta bar layi kafin a buga. Aka ba ta katin gargaɗi, aka sake bugun, Faransa ta ci 1–0. Ta fuskar harafin doka ba a zalunce ta ba. Amma ƙwallon da ya daki turke ba ita ta tare shi ba, kuma mutane da yawa sun ga an yi amfani da ma'aunin zinariya wajen awon gero.

Hujja ta uku ita ce ɗakin ma yana kuskure. Ranar 30 ga Satumba 2023, Luis Diaz na Liverpool ya ci Tottenham ƙwallo mai kyau, mai tuta ya ɗaga. Mai duba bidiyo ya ga babu satar gida, amma ya ɗauka alƙali ya riga ya ba da ƙwallon, sai ya ce bincike ya kammala. Kafin su farga an ci gaba da wasa. Hukumar alƙalan Ingila ta amsa kuskuren, ta saki sautin maganganunsu, Liverpool kuwa ta sha kashi 2–1. Irin wannan ne ya sa Wolverhampton ta nemi a soke tsarin baki ɗaya, amma a ƙuri'ar 6 ga Yuni 2024 ƙungiyoyi 19 cikin 20 suka zaɓi a ci gaba da shi. A Suwidin kuwa, inda magoya baya ke da rinjayen murya a ƙungiyoyinsu, babbar gasar ƙasar ta ƙi karɓarsa.

Tsakanin gani da hukunci

Idan aka jera waɗannan misalai, za a ga sun kasu gida biyu. Akwai tambayar da ido ke amsawa: ƙwallo ya tsallake layi ko bai tsallake ba, hannu ya daka ko gwiwa, cikin da'ira aka yi laifi ko wajenta. Akwai kuma tambayar da sai hankali ya auna: da gangan ne ko tsautsayi, turewar ta isa ta kayar da mutum ko shi ya ga dama ya faɗi. A dambe, da zarar hannu ko gwiwar ɗan dambe ya taɓa ƙasa an yi kisa, kowa a fage ya gani, babu dogon zance. Mafi yawan dokokin ƙwallo ba haka suke ba.

Wasan Nijeriya da Ajantina na 26 ga Yuni 2018 shi ne babban misali. Ana 1–1, sakamakon da zai kai Nijeriya zagaye na biyu, Marcos Rojo ya sa wa ƙwallo kai ya sauka a hannunsa cikin da'ira. Alƙali Cuneyt Cakir na Turkiyya ya je allo, ya duba, ya ce babu fenareti. Minti kaɗan bayan haka Rojon ne ya ci ƙwallon da ya kori Nijeriya. Babu wanda ya yi musun cewa ƙwallon ya taɓa hannu. Kyamara ta gama nata aikin. Saɓanin yana kan ma'anar taɓawar, kuma ko kyamara dubu aka kafa ba za su raba wannan gardama ba. Nuna hoto a hankali ma yakan ƙara dagula ta, domin abin da ya faru cikin ƙiftawar ido yakan yi kama da shiryayyen nufi idan aka ja shi daƙiƙa biyar.

Masu ilimin shari'a a ƙasar Hausa sun daɗe da sanin wannan bambanci, ba don a daidaita wasa da shari'a ba, sai don hikimar ɗaya ce. Wasiƙar da Sayyidina Umar ya aika wa Abu Musa al-Ash'ari kan alƙalanci ta yi fice wajen kwaɗaitar da alƙali ya koma ga gaskiya idan ta bayyana masa bayan ya yanke hukunci. Wannan ita ce hujjar zuwa allo. A ɗaya hannun kuma, malaman Malikiyya sun tabbatar da cewa ba a rushe hukuncin alƙali don kawai wani alƙalin yana da ra'ayi dabam a mas'alar ijtihadi. Ana rushe shi ne idan ya ci karo da abu bayyananne kamar nassi ko ijma'i. Dalilinsu shi ne idan kowane ijtihadi zai iya warware na gabansa, shari'a ba za ta taɓa ƙarewa ba. Wannan ita ce hujjar taƙaita hurumin ɗakin bidiyo.

Inda VAR ta tsaya a kan abin da ido ke tabbatarwa, ta yi amfani. Inda ta zarce ta zama alƙali na biyu mai sake auna ra'ayin na farko, nan ne take cin lokaci, ta rage wa mai usur kwarjini, gardama kuma ta tashi daga fili ta koma ɗakin da babu mai ganin cikinsa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. A ɗaga ma'aunin tsoma baki ya koma inda aka ajiye shi tun farko. A sa wa dubawa iyakar lokaci, domin kuskuren da sai an yi minti huɗu ana nemansa bai cika sharaɗin fitowa fili ba. A bar tazarar uzuri a satar gida daidai da abin da kyamara ke iya tabbatarwa. Sannan a bar jama'a su ji abin da alƙalan ke faɗa wa juna. Tun 2023 FIFA ta fara sa alƙali ya sanar da hukuncinsa ta lasifika, amma sanar da sakamako dabam ne da bayyana yadda aka kai gare shi. Sautin da aka saki bayan kuskuren Diaz ya kunyata alƙalan Ingila, amma ya nuna wa duniya cewa ruɗewa ce ta faru, ya kuma rage ƙarfin zargin maƙarƙashiya.

Idan aka dawo gida

Duk wannan magana ce ta gasar da ke da kuɗi da wuta da kyamarori. Darasin da ya fi dacewa da Nijeriya ya faru ne ranar 31 ga Mayu 2019 a filin Rades na Tunisiya, a karawa ta biyu ta wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka. Esperance tana gaba da ci ɗaya, Wydad ta Kasabalanka ta farke, aka soke bisa satar gida. 'Yan Wydad suka nemi alƙali Bakary Gassama na Gambiya ya je allo, sai ta bayyana na'urar ba ta aiki. Suka ƙi ci gaba da wasa, aka shafe fiye da sa'a guda ana jayayya, aka miƙa wa Esperance kofi. Hukumar CAF ta ce a sake wasan, kotun wasanni ta duniya ta soke wannan umarni. Da ba a yi alƙawarin VAR ba tun farko, da kuskuren mai tuta ne kawai, irin wanda aka saba haɗiyewa. Alƙawarin da aka karya shi ya mayar da kuskure abin kunyar nahiya.

'Yan Nijeriya sun ga makamancin haka a wani fage. A zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 an yi alƙawarin ɗora sakamakon rumfuna a intanet kai tsaye, na shugaban ƙasa bai hau a kan lokaci ba, hukumar zaɓe ta ce tangarɗar na'ura ce. Ko mene ne dalilin, zargin da ya biyo baya ya fi wanda za a yi da ba a ɗaga fatan jama'a ba. Mutanen Safana da Batsari kuwa sun san yadda duk abin da ya rataya a kan sadarwa yake da rauni, tun da aka datse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina a watan Satumba 2021 saboda matsalar tsaro, aka yi watanni a haka. Tsarin da ke buƙatar wutar da ba ta ƙiftawa da sadarwar da ba ta yankewa, a filaye goma a kowane mako, wasanni 380 a kaka, ba abin da za a shiga da ka ba ne. Ranar da ya mutu a wasan da ƙungiyar gida ta amfana, babu wanda zai yarda tsautsayi ne.

Ciwon gasar cikin gida ma ba a idon alƙali kaɗai yake ba. A watan Afrilu 2022, wasan Kano Pillars da Katsina United a filin Sani Abacha ya watse cikin tarzoma, aka farfasa motar 'yan Katsina, aka ci Pillars tara aka kuma cire mata maki uku. A ƙarshen kakar duka ƙungiyoyin biyu suka faɗa rukuni na ƙasa, sai a 2023 suka dawo. A irin wannan yanayi, alƙalin da ke tsakiyar fili ba rashin gani ne babbar damuwarsa ba, yana lissafin yadda zai fita lafiya ne. A ajiye masa allo a gefen fili, taku kaɗan daga 'yan kallon da suka fusata, a ce ya je ya soke ƙwallon masu gida a minti na 90, ba a ba shi kariya ba, an ƙara masa wurin tsayawa a jefe shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da ke nan ta tsoro ce da talauci da rashin hukunta mai laifi.

Sai dai masu kiran a kawo VAR suna da hujja ɗaya mai nauyi. A gasar Kwadebuwa babu alƙalin wasa ko ɗaya daga Nijeriya, kuma a yau alƙalin da bai saba aiki da bidiyo a gida ba yana da wuya a kira shi babbar gasa. Ƙasar da ta ƙi tsarin gaba ɗaya ta rufe wa alƙalanta ƙofa. Wannan gaskiya ne, amma yana nuna buƙatar horo da farawa a hankali, bai wajabta a shimfiɗa tsarin Mosko a kowane fili ba.

Abin da ya kamata ya gabata

Matakin farko shi ne a raba alƙali da aljihun masu gida. Alawus ɗinsa, da masaukinsa, da motar da za ta kai shi fili, su fito daga hukumar gasa, a kan lokaci, ta yadda ba zai ci abincin wanda zai hukunta ba. Na biyu, tsaronsa ya zama sharaɗin buga wasa, kuma filin da aka taɓa alƙali a rufe shi ba tare da duba girman ƙungiya ko na gwamnan da ke bayanta ba. Na uku, a ɗauki kowane wasa a bidiyo daga farko har ƙarshe, a ajiye inda kowa zai iya gani, kwamitin alƙalai ya riƙa fitar da bayanin manyan hukunce-hukunce bayan kowane mako, wanda ya yi daidai a faɗa, wanda ya kauce a faɗa. Wannan kaɗai zai kawo rabin amfanin VAR, wato sanin cewa akwai ido, da kaso kaɗan na kuɗinta.

Bayan haka sai a dubi tsarin da FIFA ta ƙirƙiro domin gasa marasa ƙarfi, wanda ake kira FVS. An yi amfani da shi a kofin duniya na 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 20 a Kolombiya a 2024, gasar da Nijeriya ta halarta. Babu ɗaki, babu alƙalan da ke bin kowane motsi. Kowane koci yana da damar neman a duba hukunci sau biyu a wasa, idan ya yi gaskiya damarsa tana nan, idan ya yi kuskure ta ragu. Alƙali ya je allo ya duba da 'yan kyamarorin da ke akwai. Tsarin yana da rauninsa, domin kyamara uku ko huɗu ba za su kama komai ba. Amma yana da fa'idar da ta dace da inda amana ta yi ƙaranci: wanda ke jin an zalunce shi shi ne ke kai ƙara, a gaban kowa, kuma idan bai kai ba bakinsa ya mutu. Ana iya fara shi a wasannin ƙarshe na kofin ƙalubale da 'yan filayen da suka cika sharaɗi, irin su filin Muhammadu Dikko na Katsina idan an tabbatar da wutarsa da tsaronsa, alƙalai su samu horon da zai buɗe musu ƙofar Afirka.

Abin da ya sa hukuncin Amin Omar ya zauna a zukata, duk da zafinsa, shi ne kowa ya ga abin da ya gani, kuma bayan rabin sa'a wannan ma'aunin ya hau kan ɗaya ɓangaren. Mai kallo a Safana zai iya haƙura da ƙwallon Osimhen da aka soke idan ya tabbata gobe za a soke na wani da irin wannan dalili. Samar da wannan tabbaci a filayen Katsina da Kano da Gombe yana farawa ne daga alawus ɗin alƙali da lafiyarsa, da kyamara ɗaya da ba a kashewa.